Birkin Mai na Allon Gangara Ya Saki: Yadda Za a Gyara Shi a Zariya

Tambaya: "Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne, ina zaune a Samaru. Yayana ya kawo mini allon gangara na hannu daga Ingila, irin mai tayoyin iska guda huɗu da ake tsayawa a kai a gangaro daga tudu. Yana da birkin mai da ake riƙewa a hannu, an rubuta Magura a jikinsa. Ranar Asabar na faɗi a gindin Kufena, tiyon ya maƙale a wani reshe ya fizgu. Tun daga nan in na matsa birkin sai ya tafi har ƙarshe bai kama ba, kuma ina ganin wani mai shuɗi yana tsattsafowa kusa da hannun. Masu gyaran keke biyu sun ce ba aikinsu ba ne. Wani bakaniken babur ya ce in sayo man birki ya ɗura mini. In yarda? Ko birkin ya mutu ke nan?"

Wa alaikumus salam, ƙanena. Barka da arziki, Allah ya tsare gaba. Tunda tiyo ne ya fashe ba gwiwa ba, sai godiya.

In na fahimce ka, abu uku kake son sani: ko birkin zai gyaru, da wa zai gyara shi a garin nan, da kuma ko za ka bar bakaniken babur ya ɗura maka man birkin da ake sayarwa a shagunan kayan mota. Zan fara da na ƙarshen, don shi ne mai gaggawa. Kada ka yarda. Ko ɗigo ɗaya kada ya shiga. Birkinka a yadda ka kwatanta shi yana da rai, gyaransa bai wuce aikin awa ɗaya ba in kayan sun haɗu. Amma ranar da wancan man ya shiga cikinsa, ranar ce zai mutu da gaske. Sannan ka jingine allon, kada ka sake hawa gangare da shi sai an gama.

Abin da ke hannunka

Wannan wasa bai daɗe a duniya ba. A farkon shekarun 1990 ya yi ƙarfi, lokacin da masu wasan sulɓi a kan ƙanƙara suka nemi abin hawa a watannin da babu ƙanƙarar. Kamfanin MBS da ya fi suna a harkar an kafa shi a Kolorado ta Amurka a 1993. Masu ƙera allunan ba su zauna sun ƙirƙiro sabon birki ba, na keke suka ara. MBS sun daɗe suna amfani da birkin waya irin na kekunan hawan dutse, su kuma Trampa na Ingila suna ɗora birkin mai na Magura. Wannan bayani ya shafe ka kai tsaye: abin da ya lalace maka birkin keke ne da aka ɗaura a kan allo, don haka ilimin gyaransa da kayan gyaransa duk na keke ne. Masu gyaran da suka ce ba aikinsu ba ne, allon suka kalla suka tsorata. Da sun kalli birkin shi kaɗai, wataƙila da sun gane shi.

Magura kamfanin Jamus ne, a garin Bad Urach, tun 1893 yake. A 1987 ya fito da birkin keke mai aiki da mai wanda ke matse gefen wili, kuma jikokin wannan birki su ne HS11 da HS33 da ake gani yau. Irinsu ake ɗorawa a allunan gangara. Duba jikin hannun naka, mai yiwuwa ka ga ɗaya daga cikin lambobin nan biyu. Bambancin kawai, maimakon takalman birkin su matse wilin keke daga gefe biyu, a allo kowane takalmi yana tura wani faifai ne da aka ɗaure a cikin taya, ɗaya a dama ɗaya a hagu.

Yadda yake aiki ba shi da wuyar ganewa. A cikin hannun da kake matsawa akwai ɗan fistin. In ka matsa, yana tura mai ta cikin tiyo zuwa wasu ƙananan silinda biyu da ke kusa da tayoyi, su kuma su turo takalman. Mai ba ya matsuwa, duk ƙarfin da ka sa a sama zai isa ƙasa. Iska kuwa tana matsuwa. Ka ɗauki sirinji ka toshe bakinsa da yatsa ka tura: in iska ce a ciki zai tafi kamar soso, in ruwa ne zai tsaya cak. To abin da ya faru da kai ke nan. Mai ya fita ta inda tiyo ya ji rauni, iska ta maye gurbinsa, yanzu in ka matsa iskar kake matsawa, takalman ba su san kana yi ba.

Akwai wani hali na wannan irin birkin da ya kamata ka sani. Birkin faifai na keke da na babur, wato masu matse faifan ƙarfe da ke tsakiyar wili daga gefe biyu, ba irin naka ba, suna da ɗan tankin ajiyar mai a sama, in mai ya ragu kaɗan sai tankin ya cike gurbin. HS11 da HS33 ba su da wannan tanki, a rufe suke ruf, man da ke ciki shi ke nan. Shi ya sa sukan yi shekaru ba a taɓa su ba, shi ya sa kuma ɗan yoyo kaɗan yake kwantar da su gaba ɗaya. Man da bai cika cokalin shayi ba in ya zube, hannun zai tafi har ƙarshe.

Maganar mai

A nan zan daɗe, don a nan ake yin ɓarna.

Man birki iri biyu ne a duniyar kekuna, kuma ba sa ga maciji da juna. Na farko shi ne wanda kowa ya sani, na mota da babur, wanda ake rubuta DOT 3 ko DOT 4 ko DOT 5.1 a jikin gwangwaninsa. In ka shiga kowane shagon kayan mota a Sabon Gari ko Tudun Wada ka ce a ba ka man birki, shi za a miƙo maka. Sunansa mai ne kawai, amma asalinsa wani sinadari ne mai shan ruwa, mai cin fenti. Na biyu man ma'adini ne, dangin man keken ɗinki, wanda ake tacewa daga ɗanyen man fetur. Magura da Shimano da Tektro da shi suke aiki. Na Magura shuɗi ne, sunansa Royal Blood, shi ne kake gani yana tsattsafowa. Na Shimano ja-ja ne. Kamfanoni irin su Hope, da yawancin birkunan Avid da SRAM na shekarun baya, su kuma DOT suke sha.

Dalilin da ya sa ba a haɗa su yana cikin robobin da ke kewaye da fistin, waɗanda ke hana mai wucewa. Kowane birki an zaɓar masa robar da ta dace da mansa. Robar da aka yi don man ma'adini, in DOT ya taɓa ta sai ta lalace. Wadda aka yi don DOT, in man ma'adini ya taɓa ta sai ta kumbura. Abin da ya sa tarkon ke kama mutane shi ne ba nan take ɓarnar ke bayyana ba. Ranar da aka ɗura, birki zai kama tsaf, ka biya kuɗi ka yi godiya ka tafi. Bayan 'yan kwanaki ko makonni sai hannun ya fara nauyi, ya ƙi dawowa, ko mai ya fara fita ta ko'ina.

Na ga wannan da idona. Wani yaro ya taɓa kawo mini keken gwanjo mai birkin Shimano daga wajen Wusasa. Birkin ya yi laushi, aka ɗura masa man babur, ya hau mako biyu yana murna. Da ya zo wurina hannun birkin ya maƙale a tsakiya, ba gaba ba baya. Na kwance shi a kan farar takarda. Robar fistin da ya kamata ta zama baƙa mai santsi, gefenta kamar an yanka da reza, ta koma laɓu-laɓu, in ka murza ta da yatsa sai baƙi ya biyo hannunka. Fentin da ke kewaye da murfin ya tattare kamar fatar da ruwan zafi ya ƙona. Abin da ya kawo shi tun farko iska ce kawai, aikin minti ashirin. Ya koma gida da keke ba birkin gaba, sai da aka sayo wani sukutum. Gyaran gangar Auzinawa ke nan.

Ba na ganin laifin bakaniken da ya ba ka shawara. A aikinsa gaskiya ya faɗa, kusan duk babur mai birkin faifai da ya taɓa kwancewa DOT yake sha. Kuma hannunsa ya saba da cire iska, wanda ba kowane mai gyaran keke ya iya ba. Man ne kawai ba naka ba.

In wata rana aka miƙo maka mai a kwalbar da ba rubutu, ga gwaji mai sauƙi. Zuba ruwa a kofin gilashi, ka ɗiga man. Man ma'adini zai yi iyo a sama yana ƙyalli kamar man gyaɗa a miya. DOT 3 da DOT 4 za su narke su ɓace a cikin ruwan. Wanda ya narke, kada ya kusanci birkinka.

Nemo inda ya fashe

Kafin ka sayi komai, ka san ainihin wurin da ciwon yake. Goge hannun birkin da tiyon da silinda biyun da tsumma har su bushe ƙarau, ƙurar Zariya takan manne da mai ta ɓoye wurin yoyo. Sai ka naɗa farar takarda mai laushi a kowace mahaɗa, ka matsa birkin sau goma a hankali, ka duba inda shuɗi ya fito.

Daga abin da ka faɗa, zato na ya fi ƙarfi a kan bakin tiyo, daidai inda ya shiga hannun. Nan ne wurin da ya fi shan wahala a allon gangara. A keke tiyo yana kwance a jikin ƙarfe an ɗaure shi. A allo kuwa yana lilo a iska tsakanin hannunka da ƙafarka, tsawonsa ya wuce mita, duk faɗuwar da ka yi shi ke fara ɗaukar fizga. Janye 'yar robar da ta rufe mahaɗar ka duba. In ka ga tiyon ya lanƙwashe ya yi fari a wurin, ko ya tsage, ko ya zamo daga cikin noti, to ka yi sa'a. Wannan shi ne mafi sauƙin ciwo.

In tiyon a tsakiya ya fashe, tsayinsa ne zai yanke hukunci. Fashewa kusa da ƙarshe, a yanke a zubar da guntun. Fashewa a tsakiyar tsakiya, sai sabon tiyo. Kada a naɗe shi da salatif, kada a shafa masa gam, kada a ɗaure da robar tayar keke. Duk na ga an yi. Suna riƙewa in ka matsa a tsaye a tsakar gida, su saki ranar da ka matsa da ƙarfin tsoro a kan gangare, wato ranar da kake bukatarsu.

In kuwa man daga cikin hannun yake fitowa, ta bayan abin matsawar inda fistin ke shiga, ko ka ga tsaga a jikin hannun kansa, wannan wani zance ne, zan zo kansa.

Duba ƙasa ma. Ɗaga allon ka juya tayoyin da ke da birki, ka sa ido a kan faifan. In ɗaya yana rawa yana taɓa takalmi yana saki, ko dai notunansa sun kwance ko ya lanƙwashe. Duba ƙarafan da ke riƙe da silinda, ko faɗuwar ta karkatar da ɗaya.

Yanka tiyo da cire iska

A ce bakin tiyon ne. Mahaɗar iri biyu ake samu. Ta farko noti ce mai rami da tiyo ke bi ta cikinta, a gabanta akwai ɗan zobe na ƙarfe mai kama da ƙwallon zaitun. In aka ɗaure notin, zoben ya matse ya cije tiyon. Sufana mai lamba 8 ke kwance ta. Zoben nan sau ɗaya yake aiki, in ya matsu ya gama, don haka sabo za ka nema, kuma na Magura, don na Shimano siffarsa daban ce. Ta biyu wani ɗan ƙarfe ne mai ƙaya-ƙaya da ake bugawa cikin tiyo, irinsa ne yawanci a guntun tiyon da ya haɗa silinda biyu. Shi ana iya sake amfani da shi: a tsaga tsohon tiyon da reza a hankali a cire, a riƙe sabon bakin tsakanin katako biyu masu kwari, a buga shi ciki da ƙaramar guduma.

Yankan kansa yana da muhimmanci. Ɗora tiyon a kan katako ka yanka shi da sabuwar reza, a miƙe, sara ɗaya. Kada ka yi da filaya ko almakashi, suna matse bakin ya zama ƙwai maimakon da'ira, kuma baki mai siffar ƙwai ba ya daina yoyo. Zura notin, zura zoben, tura tiyon cikin hannun har ka ji ya dungure, ka riƙe shi a haka kana ɗaurewa. Kamfanin ya ce ƙarfin ɗaurin 4 Nm ne, wanda ba shi da yawa: ɗauri na yatsu biyu a kan gajeren sufana. Jikin hannun ba ƙarfen mota ba ne, in aka danne shi da ƙarfin damtse zaren zai ɓalle. Bayan ka ɗaure, ja tiyon da hannu. In ya motsa, bai yi ba.

Sauran cika mai da korar iska. Kana bukatar sirinji biyu na mililita 20 daga kemis, da guntun siririn tiyo mai haske, da bakin ƙarfe mai zare da zai shiga ramin cikawa da ke jikin silinda. Wannan bakin shi ne abin da ya fi wuyar samu, yana zuwa ne a cikin kunshin kayan cire iska na Magura, don haka in za ka aika a sayo maka mai ka haɗa da kunshin da zobba biyu ko uku. Sirinjin kemis yana yi, sai dai baƙar robar da ke cikinsa takan kumbura in ta kwana da mai, ka yi aikin ka yar.

Da farko cire takalman birkin, da hannu suke fita, ka ajiye su nesa. Juya abin daidaita takalmi da ke jikin hannun, wanda a HS33 ɗan maballi ne mai juyawa, ka mayar da shi baya har ƙarshe. Mutane da yawa suna mantawa da wannan, sai su cika birki da mai kaɗan su rasa dalilin da ya sa bai kama ba.

A nan allo ya fi keke daɗin aiki. Hannun birkinka ba a ɗaure yake da komai ba, don haka ka ajiye allon a ƙasa, ka rataye hannun a ƙusa a bango, tiyon ya miƙe sama ba lanƙwasa, ramin fitar iska da ke jikin hannun ya zama shi ne ƙololuwa. Karkata allon yadda silindar da ke da ramin cikawa za ta fi kowa zama ƙasa. Iska sama take nema, kai dai share mata hanya. Cika sirinji ɗaya da mai, ka kore kumfan da ke cikinsa, ka ɗaura shi a ramin ƙasa. Buɗe ramin sama ka sa ɗayan sirinjin ba tare da abin turawarsa ba, ya zama kamar mazurari. Sai ka tura man daga ƙasa, sannu a hankali.

Ka sa ido a sirinjin sama. Da farko ba komai. Sai tsohon mai ya leƙo, ya yi duhu. Sai kumfa, manya tukuna suna fashewa ɗaya bayan ɗaya, sannan ƙanana kamar na lemon kwalba. Riƙa ɗan ƙwanƙwasa tiyon da silinda da bayan sukudireba, kana matsa hannun kaɗan kana saki, za ka ga wasu sun taso daga inda suka laɓe. Kada ka bari sirinjin ƙasa ya ƙare ya tura iska. In mai ya riƙa fitowa tsantsa ba kumfa ko ɗaya, rufe sama tukuna, sannan ka cire na ƙasa ka rufe da sauri. Goge ko'ina da sipirit, har faifan tayoyin. In mai ya taɓa takalman, tunda irin na roba ne, wanke su da sabulu ka ɗan goge fuskarsu da samfefa. In sun cinye har layukan da ke fuskarsu sun ɓace, sauya su.

Mayar da takalman ka daidaita tazararsu da faifai, kamar milimita 2 kowane gefe. Ka kula su zama daidai wa daida. A keke, in gefe ɗaya ya riga kamawa ba wata matsala babba. A allo kowane takalmi tayarsa daban, in na dama ya riga na hagu allon zai fizge ka zuwa gefe.

In ba a samu man Magura ba

Zaɓina na farko shi ne ka haƙura a aiko maka da shi. Kwalbar mililita 100 za ta yi maka aikin nan sau da yawa. Yayanka da ya kawo allon zai iya sa shi a saƙo tare da zobba da tiyo, ba su da nauyi. Masu sayar da kayan kekunan hawan dutse a manyan garuruwa da kuma intanet su ma hanya ce.

In ya gagara, man birkin keke na Shimano ko Tektro shi ne na gaba. Kowane kamfani yana cewa nasa kaɗai za a yi amfani da shi, kuma suna da hujja, don kauri da sinadaran da ke ciki sun ɗan bambanta. Amma dangi ɗaya ne, na sha ɗura na Shimano a birkin Magura mai matse wili, ban ga ya ci roba ba. Akwai kuma koren man LHM da aka yi wa motocin Citroën, shi ma na ma'adini ne, masu kekuna da dama suna amfani da shi. Man keken ɗinki mai tsabta zai iya fitar da mutum kunya na ɗan lokaci a irin wannan birkin da zafi ba ya kaiwa ga mansa sosai, amma ni ba zan sa wa mai gangaren dutse shi in ce ya tafi ke nan ba. A sauya shi da zarar na gaskiyar ya iso. Baƙin man inji, da man giya, da man gyaɗa, babu su a lissafi.

Inda hannuna ke tsayawa

Ban riƙe allonka ba, duk abin da na faɗa a kan kwatancenka na gina shi. Kuma aikina na yau da kullum birkin keke ne, allo irin naka sau biyu kawai ya shigo shagona. Akwai ciwo biyu da ba na karɓar gyaransu. In jikin hannun ya tsage, ba na lika shi ba na kai shi walda. In zaren ramin noti ya ɓalle, haka nan. Magani shi ne wani hannun, kuma ba sai ka sayi birkin gaba ɗaya ba: hannun HS11 ko HS33 na keke zai hau tiyonka. A cikin kekunan gwanjo da ake shigowa da su daga Turai, musamman irin na yawon gari na Jamus da Holan, akan ci karo da wannan birkin, don can ya fi yawa. Ka zaga wurin masu sayar da su ka duba. Kada dai a haɗa maka da hannun birkin faifai ko na babur, girman fistinsu da tsarinsu daban ne.

In duk wannan ya faskara, akwai komawa birkin waya. Bai kai na mai laushi a hannu ba, kuma dogon gidan waya yana cin ƙarfi, sannan sai an ƙera maƙalan da za su riƙe shi. Amma kowane mai gyaran keke daga Kwangila har Ƙofar Doka zai iya kula maka da shi. Ni dai da zan zaɓa, zan gyara na man, don birki ne mai kyau kuma ciwonsa ƙarami ne.

Game da wanda za ka kai wa, ka nemi mai gyaran da ke taɓa kekunan gwanjo masu birkin faifai, ba mai faci kawai ba. Yi masa tambaya ɗaya: "Wane mai kake sa wa birkin Shimano?" In ya ce man birkin mota, yi masa sallama cikin mutunci ka wuce. In ya ce nasa daban ne, zauna. In ba ka samu ba, koma wurin bakaniken nan naka da manka da sirinjinka sababbi, ka ce masa, "Maigida, ga man da kamfanin ya ce, don Allah da shi za mu yi." Kada a yi amfani da sirinji ko tiyon da ya taɓa DOT. Ka tsaya a wurin har a gama.

Bayan gyara, matsa hannun da ƙarfi ka ɗaure shi da roba ya kwana a haka, da farar takarda a kowace mahaɗa. Da safe in takardar fara ce kuma hannun bai ƙara nutsewa ba, ya yi. Sannan ka ɗaure tiyon a jikin allo da sako-sako kusa da inda ya fito, yadda in an fizga, ɗaurin zai fara ɗaukar nauyi kafin mahaɗa. Kada ka riƙa barin allon a rana tsaka a watannin Maris da Afrilu. Tunda birkin a rufe yake, zafi na iya faɗaɗa man takalman su riƙa gogar faifai. In hakan ta faru, ɗan mayar da abin daidaitawar baya. Lokacin hunturu kuma riƙa goge ƙurar da ke taruwa a bakin silinda, ita ce ke cin roba a hankali.

Gwajin farko kada ya zama a Kufena. Dutsen nan sulɓi gare shi, ƙasansa kuma ba ya yafiya. Nemi fili mai ɗan gangare kaɗan, mai ciyawa ko ƙasa mai laushi, ka sa hular kwano da kariyar gwiwa da ta wuyan hannu, ka gangara da gudun tafiyar ƙafa ka tsaya, sau goma. Ka lura ko allon yana ja gefe ɗaya. In yana ja, koma ka daidaita takalman. Ka kuma koyi rage gudu ta hanyar karkata allon ka yanki gangaren a gicciye har ya fuskanci sama, yadda ko tiyo ya sake fizguwa a tsakiyar hanya kana da abin yi.

In ka janye robar da ke bakin tiyon ka ga abin da bai yi kama da abin da na kwatanta ba, ɗauko hotonsa kusa-kusa, da na lambar da ke jikin hannun, ka turo mini kafin ka yanka komai.